Amurka: jiran dusar ƙanƙara, tsakanin hasashen masana da ji-ta-ji-ta

Duk shekara daga watan Disamba zuwa na Maris, lokacin da mu ke fama da hunturu da hazo a nan Nijar, ƴan uwanmu da ke zaune a Niyu Yok, musamman unguwannin Bronx da Harlem, su kuma ba su da zancen da ya wuce na dusar ƙanƙara. Kwana huɗu ko biyar kafin ta sauka, telbijin da rediyo sun fara shela. Direban takisi na lissafin kwanakin da zai yi bai fita ba, mai kai abinci bisa keke na tunanin kuɗin haya, mata sun cika kantuna suna kwasar burodi da madara da ƙwai. Wani ya ce santimita 10 za ta yi, wani ya rantse sai ta rufe mota.

Bari mu fara da yadda abin ke haɗuwa. Iska mai tsananin sanyi ce ke gangarowa daga Kanada, ta ci karo da iska mai ɗumi da laima da ke tasowa daga tekun Atlantika. Inda suka haɗu nan guguwa ke tashi, ta bi gaɓar teku ta yi arewa. Galibi ruwan da zai cika santimita 1 a ma'auni, in ya sauko a matsayin dusa yakan kai wajen santimita 10. Ke nan ruwan sama guda mai ƙarfi irin namu na watan Agusta ya isa ya tsayar da birni baki ɗaya.

Masana yanayi na aiki da manyan kwamfutoci, waɗanda suka fi shahara su ne na hukumar Amurka da na cibiyar ƙasashen Turai mai mazauni a garin Reading na Ingila. Wani lokaci bakinsu ya zo ɗaya, wani lokaci su saɓa. Matsalar ita ce, in guguwar ta kauce kaɗan daga hanyar da aka zata, garin da aka tsorata ya tsira, maƙwabcinsa ya sha kashi.

Haka ta faru a watan Janairu na 2015. Magajin garin Niyu Yok na wancan lokaci, Bill de Blasio, ya gargaɗi jama'a da su shirya wa ɗaya daga cikin guguwa mafi muni a tarihin birnin. An yi maganar santimita 60 zuwa 90. Gwamna Andrew Cuomo ya hana zirga-zirgar motoci daga ƙarfe 11 na daren 26 ga wata, ya kuma rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, abin da ba a taɓa yi ba saboda dusa tun da aka buɗe shi a 1904. Da gari ya waye, santimita 25 kawai aka auna a tsakiyar birnin. Guguwar ta karkata gabas, ta sauke wa Boston sama da santimita 60. Mutane suka yi ta ba'a da hukumomi, har wani babban jami'in hukumar yanayi ya fito ya nemi gafara.

Kusan shekara ɗaya bayan haka, ranar 23 ga Janairun 2016, aka sake shela. Wannan karon dusar ta kai wajen santimita 70, abin da ba a taɓa aunawa ba a birnin. Wanda ya ce ai irin ta bara ce, ya ga abin da ya gani.

Amma darasi mafi ɗaci shi ne na Bafalo, garin da ke bakin tafkin Erie, a ƙarshen Disambar 2022. Masana sun faɗa tun da kwanaki, kuma sun faɗi daidai. Sai dai mutanen garin sun saba da dusa, ga hidimar Kirsimeti, ga talakawa da ba su iya barin aikin yini. Dokar hana tuƙi ba ta fara aiki ba sai da safiyar Juma'a 23 ga wata, bayan da yawa sun riga sun fita. Iska ta wuce gudun kilomita 100 a sa'a, dusa ta haura mita ɗaya, motocin ɗaukar marasa lafiya da na ƴan kwana-kwana su ma suka maƙale. Fiye da mutum 40 suka rasa rayukansu: wasu cikin motoci, wasu bisa hanya, wasu cikin gidajen da lantarki ya ɗauke, wasu kuma zuciya ta buga musu suna kwasar dusa da shebur.

Idan muka auna waɗannan shekaru uku, lissafin a fili yake. A 2015 an yi asarar aikin yini guda da ɗan abin shiga aljihu. A 2022 an yi asarar rayuka. Hasashe bayani ne na abin da ka iya faruwa, kuma ko ya kuskure sau ɗaya, bai zama dalilin raina na gaba ba.

Don haka muna kira ga ƴan uwanmu na can, musamman sababbin zuwa da ba su taɓa ganin dusa ba, da su bi sanarwar hukuma su bar ji-ta-ji-tar WhatsApp. A tanadi abinci da ruwa da magani na kwana uku, a caza waya. Kada a kunna gawayi ko injin janareto cikin ɗaki don jin ɗumi, hayaƙinsu ba ya wari amma yana kisa. Wanda ya maƙale cikin mota ya tabbata dusa ba ta toshe salansa ba kafin ya bar injin a kunne. Mu kuma iyalai na gida, in ɗanmu ya ce bai fita aiki ba saboda gargaɗi, mu yi haƙuri da aiken wannan mako. Rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare bayinsa a duk inda suke.