Salansar mota: yadda ake kwance ta, yadda ake maida ta

Ranar kasuwa, motocin ƙauye suna cika da mutane da kaya. Wata motar tana ƙara kamar babur. Fasinja suna sauka da ciwon kai da jiri, suna cewa rana ce. Sau da yawa hayaƙi ne ya shiga cikin motar, don salansa ta ɓalle daga jikin inji.

Mene ne aikin salansa?

Inji yana ƙona mai, sai hayaƙi ya fito. Inji mai silinda 4, kamar na Peugeot 504 ko Toyota Hiace, yana da kafa 4 na fitar hayaƙi. Akwai ƙarfen da ke haɗe da kafofin nan, shi ne kan salansa. Yana tara hayaƙi, yana tura shi cikin bututu har bayan mota. Tsakaninsa da inji akwai wata shimfiɗa mai jure wuta. Makanikai suna ce mata gaskit, wasu suna cewa juwan.

Cikin hayaƙin akwai guba mai suna karbon monoksid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iska mai kyau, har sau 200. Tana sa ciwon kai, da amai, da barci, har mutuwa. Yara da mata masu ciki sun fi cutuwa.

Alamun yoyo guda 3 ne: ƙara tak-tak-tak da safe kafin inji ya yi zafi, baƙin kunkunniya a gefen gaskit, da warin hayaƙi wajen direba.

Na kamfani da na kasuwa

Kan salansa da mota ke zuwa da shi yawanci ƙarfe ne mai kauri da nauyi. In ya tsage, masu mota sukan sayi wani a kasuwa. Wani irin bututu huɗu ne, kowace kafa da nata, sai su haɗu a ƙasa. Hayaƙi ya fi saurin fita ta cikinsa. Amma ƙarfensa bai da kauri, yana zafafa abin da ke kusa da shi, kuma notinsa yakan saki. Kafin a biya kuɗi, a ɗora shi kan tsohon, a ga ramukan sun yi daidai.

Yadda ake kwancewa

1. A bar inji ya huce sarai. Zafin wurin yakan wuce digiri 500.
2. A cire wayar batir mai alamar (-).
3. A tsai da mota a wuri mai tauri, ba cikin rairayi ba. A tokare ta da ice mai ƙarfi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita.
4. A zuba kananzir a kan notoci tun da dare, don tsatsa ta saki.
5. A fara raba mahaɗin ƙasa, wajen bututu. Sabbin motoci suna da waya mai awon hayaƙi a wurin. A zare ta a hankali.
6. A sassauta notocin inji kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya. Noti in ya ƙi, kada a yi masa ƙarfi. In ƙusar ta karye cikin inji, sai an haƙo ta, kuɗin aiki ya ƙaru.
7. A toshe kafofin inji da tsumma mai tsabta, don ƙasa.

Yadda ake maidawa

1. A kankare tsohon gaskit, wurin ya yi sumul.
2. A aza ƙarfe miƙaƙƙe a fuskar kan salansa. In haske yana wucewa, ya lanƙwashe, sai a gyara fuskar.
3. A cire tsumma duka.
4. A sa sabon gaskit. Tsohon ya riga ya danne, ba ya ƙara riƙe hayaƙi.
5. A ɗaura notoci duka da hannu. Sannan a matse su da kile, daga tsakiya zuwa gefe, sau biyu ko uku.
6. A haɗa bututun ƙasa, da waya, da robobin da ke rataye salansa.
7. A duba kada ƙarfen ya kusanci tiyon mai, ko na burki, ko wayar wuta.

Bayan an gama

A maida wayar batir, a tada inji a fili, ba cikin ɗaki ba. A saurara. In ƙarar tana nan, aiki bai yi ba. Bayan tafiyar farko, in inji ya huce, a sake matse notoci, don zafi da gargadar hanya suna sassauta su. Kada a tsai da mota mai zafi a kan busasshiyar ciyawa ko karan hatsi, don gobara.

Fasinja ma yana da hakki. Wanda ya ji ciwon kai ko barci cikin mota mai hayaƙi, ya ce a buɗe gilashi, a tsaya, kowa ya fita ya sha iska. Wanda ya suma, a kai shi likita nan da nan, a gaya wa ma'aikacin lafiya hayaƙin mota ne ya shaƙa.