Zaren kabon: daga murfin waya zuwa ƙarƙashin gada

Baƙin abin nan mai kama da saƙar tabarma da ake gani a wasu murafen waya da jirage marasa matuƙi, zaren kabon ne. Injiniyoyin gini kuma suna ɗaure bim ɗin kankare da shi idan ya fara gazawa.

Kankare yana jure danni amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa masa rodi. Idan nauyi ya yi wa bim yawa sai ya lanƙwasa, ƙasansa ya miƙe, tsaga ta fara daga nan. Sai a goge wurin, a shafa gam mai ƙarfi da ake kira ifoksi, a manna faifan zaren a tsawon ƙasan bim, ya zama kamar ƙarin rodi daga waje. Ba ya tsatsa, kuma nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na ƙarfe.

A 1991 aka fara gwada wannan a gadar Ibach kusa da Luzern a Suwizalan, bayan ma'aikata sun lalata ɗaya daga igiyoyin ƙarfen cikinta garin huda rami. Farfesa Urs Meier na cibiyar bincike ta Empa ne ya jagoranci fasahar. Kimanin kilo 6 na zaren ya yi aikin da zai ci farantin ƙarfe kilo 175.

Murɗewa ta fi wuyar sha'ani. Bim ɗin da ke gefen gini, wanda baranda ta rataya a jikinsa, yakan murɗe kamar tsumman da ake matsewa, tsagarsa kuma ta kewaya jikinsa a karkace. Faifan ƙasa kaɗai bai isa ba a nan, dole a naɗe bim ɗin duka. To amma dakin yana zaune a kansa, don haka galibi gefe uku kawai ake samu, sai a kafe bakin zaren cikin kankaren don kada ya ɓalle.

Ɓallewar nan ce babbar matsala. Sau da yawa zaren ba ya tsinkewa, sai dai ya saɓule tare da fatar kankaren, kuma farat ɗaya. Idan tun farko an yi wa kankaren ƙwauron siminti, manna masa zare ɓarnar kuɗi ce. Ga kuma zafi: gam ɗin yakan fara laushi tun wajen digiri 60 zuwa 80, don haka a cikin gini akan lulluɓe shi da abin kare gobara.