Tsohon Soja, Tsaya Ka Ji Kafin Fanshonka Ya Tafi Wurin Mai Lasifika

Duk wanda ya saba cin kasuwannin ƙauyukan Bambeye, ko ya taɓa jiran mota a tashar Tahoua, ya san muryar nan. Lasifika ce a kan mota ko amalanke, ana shelar kwalba ɗaya wadda wai ita ce maganin basir, sanyi, hawan jini, ciwon suga da raunin mazakuta. Cikin masu tsayawa su saurara har da dattawan da suka yi aikin soja. Mutumin da ya shekara ashirin ko talatin yana saɓe da bindiga, ya kwana a sanyin hamada lokacin tawayen arewa, ko ya yi gadi a bakin Komadugu bayan da Boko Haram ta auka wa Diffa a 2015, yakan dawo Adar da gwiwa mai ciwo, baya mai nauyi, kunne mai ƙugi, wani ma da barcin da ba ya zuwa.

Da yawansu sun fi natsuwa da sassaƙe da jiƙo, don da su aka rene su. Shi ya sa ake jin tambayar nan a majalisa: tunda an ce ana kula da lafiyar tsohon soja, me zai hana a biya masa kuɗin maganin gargajiya?

Asusu da takarda yake aiki

Kowane asusun lafiya, na gwamnati ne, na taimakon juna tsakanin ma'aikata ne ko na kamfanin inshora, takarda yake bi. Likita ya duba ka, ya rubuta magani, ka saya a farmasin da hukuma ta sani, a ba ka rasit mai hatimi. Da wannan ne akawu ke iya fitar da kuɗi. Mai lasifika ba ya auna ka, ba ya ba da rasit, kuma kasuwa na watsewa ya yi gaba. Jika goma da ka miƙa masa ta tafi ke nan, babu ofishin da zai mayar maka da ko dala.

Ko a ƙasashen da suka buɗe ƙofa ga magungunan da ba na asibiti ba, ba su buɗe ta wangale ba. A 2017 ma'aikatar tsoffin sojojin Amurka ta amince ta ɗauki nauyin hanyoyi takwas, cikinsu har da tausa, da soka siraran allurai irin na mutanen Sin, da motsa jiki na yoga. Ɗaya daga dalilanta shi ne rage dogaron sojojin ga ƙwayoyin kashe zafi masu kama jiki, irin bala'in da mu ma muka sani da tramol. Sharaɗin shi ne likitocin da ke kula da mutum su ga ya dace da shi, kuma ganye da saiwa ba su cikin takwas ɗin. A Suwizalan jama'a sun kaɗa ƙuri'a a 2009, inshora ta karɓi maganin tsirrai, amma sai in likita mai lasisi wanda ya karanci fannin ne ya rubuta.

Nan kusa da mu, Mali na da sashen binciken maganin gargajiya a Bamako, inda aka auna wasu tsirrai aka mayar da su magani mai ma'auni, irin su Balembo na tari, har suka shiga jerin muhimman magungunan ƙasar. Gana na da irin wannan cibiya a Mampong tun 1975, kuma wasu asibitocin gwamnatinta na da ɗakin maganin tsirrai. Duk inda ka duba, abu uku ake nema: a san mai maganin, a gwada maganin a san ma'auninsa, a kuma gano cutar kafin a fara sha.

Inda haɗarin yake

Babu mai hankalin da zai raina sabara, bagaruwa, marke ko zogale. Sun yi wa kakanninmu amfani, kuma akwai masu magani na gado da ke zaune a garinsu, an san gidansu, suna jin kunyar cutar da maƙwabci. Na kirki daga cikinsu, in ciwo ya fi ƙarfinsa, shi da kansa yake cewa a tafi likita. Matsalar tana wurare sanannu.

Na farko, haɗin da ba a san cikinsa ba. A ƙasashe da dama an sha gano cewa wasu kwalaben da ake kira na gargajiya an daka musu ƙwayar asibiti a ɓoye. In na ciwon gaɓoɓi ne, zafin zai lafa cikin kwana biyu, sai daga baya fuska ta kumbura, suga ya hau, ciki ya gyambace ko ƙoda ta gaji. In na ƙarfin maza ne, kuma mutum na shan wasu magungunan zuciya, jininsa na iya faɗuwa farat ɗaya.

Na biyu, ajiye maganin likita. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya jin garau alhali jinin na can sama, har ranar da ɓarin jiki zai shanye. Jiƙon da aka cika wa kanwa kuwa ƙara hawan yake yi, don kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Mai ciwon suga da ya samu miki a ƙafa, ya yi ta barbaɗa gari yana jira, sau da yawa sai ƙafar ta yi baƙi ake kai shi asibiti, lokacin da ba abin da ya rage sai yankewa.

Na uku, aska da ɗori. Askar da aka yi wa wani ƙaho ko tsaga da ita, in ba a sake ta ba, tana ɗauko ciwon hanta da ƙanjamau. Ka sayi sabuwar reza ka tafi da abinka. Ɗorin da aka tamke fiye da kima yana tsayar da jini. In yatsu suka yi sanyi, suka dushe ko suka daina ji, a kwance a nufi asibiti a ranar.

Akwai kuma ciwon da ba a gani. Wanda ya ga mutuwar abokansa a daji yakan yi firgita cikin barci, ƙarar buga ƙofa ta zaburar da shi, ya riƙa faɗa da iyali ba dalili. A gida sai a ce iska ce. A yi addu'a, a yi ruƙiyya, amma a sani likitoci sun san wannan ciwo, yana da magani, kuma ba ragwanta ba ce.

Fara da abin da ke hannunka

Tun watan Satumba na 2024 gwamnatin Nijar ta rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocinta. Awon jini da na suga bai kai kuɗin kwalaben da ake saye a wata ɗaya ba. Fara daga likitar da ke kusa da kai. In abin ya fi ƙarfinta, ta ba ka takarda zuwa babban asibitin Tahoua. Ga kuma asibitin Galmi, da ke aiki a jihar tun 1950.

Sannan ka riƙe takardunka kamar yadda ka riƙe bindigarka: littafin fansho, katin tsohon soja, da duk wata shaidar raunin da ka samu a bakin aiki. Tarihi ya koya mana darajarsu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin Afirka da suka yi mata yaƙi. Ba a fara daidaita shi da na Faransawa ba sai 2007, aka ƙarasa a 2011, kuma wani ɓangaren gyaran sai wanda ya rubuta ya nema. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya ba su gani ba.

Ka je da ƙafarka ofishin tsoffin sojoji ko na fansho ka tambayi abin da matsayinka ya ba ka, kai da iyalinka. Matambayi ba ya ɓata. Duk wanda ya same ka a gida ko ya kira ka a waya yana neman kuɗi don ya yi maka katin magani kyauta, ka ce ya haɗu da kai a ofis.

Masu son a riƙa biyan maganin gargajiya ba su yi laifi ba, amma hanyar ba ta wurin mai lasifika ta bi ba. Kowace 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka, jami'an lafiya da ƙungiyar masu maganin gargajiya na zama wuri ɗaya. Nan ya kamata ƙungiyoyin tsoffin sojoji su tsaya su nemi a auna magungunanmu, a yi wa na kirki rajista, don wata rana su shiga takardar likita.

Kafin ranar ta zo, Baba, ga abin da ba ya cin ko dala. In za ka je awo, ka saka kwalbar da kake sha da ƙullin garin a aljihu, ka ajiye su a gaban likita, ka faɗa masa sau nawa kake sha a yini. Ka sha kai rahoto ga na gaba da kai ba ka ɓoye komai ba. Wannan karon rahoton na jikinka ne.