Abin Da Ke Kuɓuce Wa Masu Sabis Na Mota

Jama'a, malamai da fatake, yau maganarmu a kan mota ce. Da yawa cikinmu in sun kai motarsu garejin wakilin kamfani, aka juye mata mai, aka buga hatimi a littafin sabis, sai hankalinsu ya kwanta, su ɗauka babu sauran ciwo a jikinta. To, wannan zato yana da haɗari, kuma ya ci rayuka a ƙasar da ake ƙera motocin ma.

Dalili kuwa shi ne, sabis na yau da kullum aiki ne mai iyaka. Kamfani yana rubuta wa makaniki jerin abin da zai yi: ya juye baƙin mai, ya sake filta, ya duba ruwan lagireto da iskar taya da fitilu. An kuma yanka masa lokacin da zai gama, ga waɗansu motoci a layi suna jira. Abin da ba ya cikin jerin nan, ko wanda ba ya bayyana sai mota tana gudu bisa hanya, sau da yawa ba mai lura da shi.

Ga misali daga Amurka. Ranar 28 ga Agusta, 2009, kusa da birnin San Diego, wani magidanci ya kai motarsa sabis, dila ya ba shi aron wata Lexus ya yi harka da ita. Ashe an shimfiɗa mata dardumar ƙafa ta wata mota wadda ta fi ta girma. Dardumar ta danne totur ya ƙi dawowa, motar ta kwasa da gudu fiye da mil 100 a sa'a, ta kife ta kama wuta. Mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu. Da aka bincika sai aka ji wani da ya ari motar 'yan kwanaki kafin nan ya gamu da wannan matsala, ya kuwa faɗa wa mai karɓar baƙi a garejin, amma maganar ba ta kai ga masu gyara ba.

Misali na biyu na kamfanin General Motors ne. Waɗansu ƙananan motocinsa, irin su Chevrolet Cobalt, wurin sa makullinsu ba shi da ƙarfin riƙo. In makullai sun yi nauyi, ko gwiwar direba ta taɓa su, sai makulli ya murɗe, inji ya mutu ana cikin tafiya. Nan take sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iska mai tsare direba kuma ba za ta buɗe ba. Tun 2005 kamfanin ya aika wa dilolinsa takarda cewa su shawarci mai kuka da haka ya rage nauyin makullansa, amma bai kira motocin gyara ba sai 2014, mota wajen miliyan 2.6. Shekarun nan duka motocin suna shiga sabis suna fita da ciwonsu. Daga baya asusun diyya na kamfanin ya amsa mutuwar mutum 124.

Kada wani ya ce wannan labarin nesa ne. Yawancin motocin da muke hawa kwance ne na Amurka da Turai, ta Ikko ko ta Kwatano suke shigowa, takardar kiran gyara kuwa ba ta biyo su nan. Jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda aka kira wajen miliyan 67 a Amurka kaɗai, zafi da laima ke lalata sinadarin cikinsu, har su fashe su watsa wa direba guntayen ƙarfe. Wannan ciwo ba a ganinsa da ido a gareji. Hanyar saninsa ita ce lambar shasi mai harufa da alkaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba. In motar daga Amurka take, a sa lambar a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗarin hanya ta can, watau NHTSA, za a ga ko akwai gyaran da ba a yi ba.

Sa'an nan akwai abubuwa uku da suke tsufa a ɓoye. Na fari man birki. Shi mai shan laima ne daga iska. Irin DOT 4 sabo sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, amma in ya sha ruwa yakan sauko zuwa 155. Mota da kaya a gangaren dutse, in man ya tafasa, direba zai taka birki ya ji ƙafarsa ta nutse babu kamu. Domin haka kamfanoni da yawa suka ce a sake shi bayan shekara biyu, ko da gorarsa cike take.

Na biyu taya. Zanenta yana iya zama da kyau alhali robar ta bushe. A gefenta akwai alkaluma huɗu: biyun fari mako, biyun baya shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 ke nan. Wadda ta wuce shekara shida lalle a sa mata ido, balle a zafin kwaltar bazara, kada kuma a manta da safaya.

Na uku bel ɗin taimin, wanda ke cikin murfi ba a ganinsa. Littafin mota ya faɗi tafiyar da zai yi kafin a sake shi. In ya tsinke ana gudu, a injuna da yawa fistin zai doki bawul, gyaran ya ninka kuɗin bel ɗin sau da yawa.

To, mene ne abin yi? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ke jin ƙarar da ƙafar mota ke yi a gargada, kai ka san in tana ja gefe ɗaya. Ka rubuta kukanka a takarda, ka tabbata an sa shi a katin aiki, gama magana ta baka takan ɓace tsakanin ofis da ramin gyara. Ka nemi makaniki ya shiga ku zaga tare. Ka roƙa a ɗaga motar ka ga ƙarƙashinta da idonka, tayarod da tiyon birki da inda mai ke ɗiga. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire, da rasit mai bayyana abin da aka yi ɗaya ɗaya.

Ɗan kasuwa ba ya karɓar dilar atamfa sai ya kwance ya ƙirga, malami kuma ba ya sallamar allon almajiri sai ya bi rubutun baƙi da wasali. Motar da za ta ɗauki iyalinka da almajiranka ta fi cancantar wannan bincike. Masu gyara kuma su tuna amana ce a hannunsu: abin da ba su duba ba su faɗa wa mai mota ba su duba ba.