Yadda Malaman Jami'a Da Makiyaya Suka Ga Bayan Bushiya

'Yan'uwa fatake, duk wanda ya yi shekara arba'in a kara bai manta da 1983 ba, lokacin da bushiya ta ratsa garkuna daga Chadi zuwa Kamaru da Nijeriya. An rufe kasuwanni, mutum ya kwana da garke ya tashi da sanda kawai. To, yau babu bushiya a duniya. An ga ta ƙarshe a Kenya a 2001, a 2011 kuma aka sanar da ƙarewarta.

Allurarta fa ta daɗe da samuwa. Matsalar ita ce sai cikin ƙanƙara take tafiya, da ta sha zafi ta lalace. Wa zai kai ƙanƙara mashekarin da mota ba ta zuwa? Sai wani likitan dabbobi na Jami'ar Tufts ta Amurka, Jeffrey Mariner, da abokan aikinsa suka gyara ta yadda za ta jure wata guda ba sanyi. A Nijar aka gwada ta a kan shanu, sakamakon ya fito a 1990.

Amma allura ba ta da ƙafa. A yankin Afar na Habasha da kudancin Sudan, dattawa ne suka zaɓi makiyaya daga cikinsu, aka koya musu yin ta, suka bi shanu har inda ma'aikacin gwamnati bai taɓa takawa ba. Su kuma masu bincike suka sauke girman kai, suka zauna a tabarma. Makiyayi ya zana burtali da mashaya a ƙasa, ya kasa tsakuwa ya nuna ciwon da ya fi kisa, ya faɗi shekarar da ya gan shi. Da haka aka gano maɓoyar cutar.

Ciwon huhu kuwa yana nan, kuma shi ma bai san iyaka ba. Wa ya fi bafatake da dillali sanin inda saniya ta fito da hanyar da ta bi? Wasunmu da sun ga mai biro da takarda sai su ɗauka ɗan haraji ne, su yi gum. Ba a ga laifinsu ba, an sha cizo. Shawararmu ita ce idan malaman jami'a suka zo kara, a kai su wurin shugabannin ƙungiya, a ji abin da suke nema, a ce kada a rubuta sunan kowa ko yawan shanunsa. A kuma sa musu sharaɗi: in sun gama, su dawo ranar kasuwa su faɗa mana abin da suka gano, da Hausa da Fulatanci.