Asibitin Gwamnati da Asibitin Kuɗi

Jama'a, darasinmu na yau a kan asibiti ne. Ran da ciwo ya shigo gida, mai gida yakan rasa inda zai nufa. Wani ya ce a tafi asibitin gwamnati. Wani ya ce a'a, can layi ya yi yawa, a tafi asibitin kuɗi. Ana cikin gardama ciwo yana ƙaruwa. Wani ma yakan sayar da san nomansa don biyan magani, alhali kuwa ana ba da maganin nan kyauta a garin da ke kusa. To, bari mu duba asibitocin nan biyu tun muna da lafiya, don mu san ƙofar da za mu bi ran da ta ɓaci.

Asibitin gwamnati

Asibitin gwamnati na jama'a ne. Da kuɗin ƙasa aka gina shi, da kuɗin ƙasa ake biyan ma'aikatansa. A Nijeriya hawa uku ne.

Hawa na farko shi ne ƙaramin asibiti na ƙauye ko na unguwa. A da ana ce masa ɗakin shan magani, yana hannun En'e. A shekarar 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e. Nan ake yi wa yara allurar rigakafi, nan masu ciki suke zuwa awo, nan ake maganin zazzaɓi da gudawa. Yawanci malamin asibiti da ungozoma za ka tarar, ba likita ba.

Hawa na biyu shi ne babban asibiti na gwamnatin jiha, kamar Asibitin Murtala a Kano. Akwai likitoci, akwai gadaje, ana tiyata, ana ƙarin jini.

Hawa na uku shi ne asibitin koyarwa, kamar na Shika a Zariya, da na Malam Aminu Kano a Kano. Waɗannan biyu na gwamnatin tarayya ne. Can ake kai ciwon da ya gagari na ƙasa, can kuma ake koya wa ɗalibai aikin likita.

Kada mu ɗauka komai kyauta ne a asibitin gwamnati. Ana yankan kati, ana biyan kuɗin gwaji, sau da yawa kuma akan rubuto magani a ce a je a saya. Amma allurar rigakafin yara kyauta ce. Maganin tarin fuka ma kyauta ne.

Asibitin kuɗi

Asibitin kuɗi kuwa yana da mai shi, ko mutum ɗaya ko kamfani. Shi ya gina, shi yake biyan ma'aikata, shi yake sayen magani da man injin wuta. Duk wannan daga aljihun marasa lafiya zai fito, shi ya sa yake da tsada. Amfaninsa kuwa, ba a daɗewa a layi, kuma ko likitocin gwamnati sun tafi yajin aiki, kamar yadda suka yi a 2021, shi yana buɗe.

Akwai kuma asibitocin mishan da na ƙungiyoyi, kamar asibitin Wusasa a Zariya da asibitin ido na ECWA a Kano. Su ma ana biya, amma ba don neman riba aka kafa su ba.

Yadda likita yake aiki

Wani yana tsammani likitan asibitin kuɗi ya fi na gwamnati sani. Ba haka ba ne, makarantarsu ɗaya. Kowane likita sai ya yi shekara shida a jami'a, sa'an nan ya yi shekara ɗaya yana aiki ƙarƙashin manyan likitoci. Akwai hukuma ɗaya da take rajistar likitocin ƙasa duka, ita take ba su lasisi, suna sabunta shi kowace shekara. Wanda ya yi sakaci da ran mutum, hukumar nan tana iya hana shi aiki.

Abin da ya bambanta su shi ne wanda yake biyansu. Likitan gwamnati albashi yake ɗauka. Ko ya duba mutum goma, ko ya duba ɗari, albashinsa bai sake ba. Saboda haka ba shi da dalilin ɗora maka maganin da ba ka bukata. Amma mutane sun yi masa yawa. Kafin ka gama faɗin abin da yake damunka, ga wani ya leƙo. Wani lokaci kuma ya san abin da ya kamata a yi, amma babu kayan aiki. Wahalar nan ta sa likitocinmu da yawa sun tafi aiki Ingila da Saudiyya.

Likitan asibitin kuɗi yana da lokacin sauraronka. Amma abincinsa daga wurinka yake. Mai tsoron Allah zai yi maka abin da ciwonka yake bukata kawai. Wanda ba shi da shi zai iya ƙara maka ruwa da allura da gwaji don kuɗi su ƙaru.

Wani likitan kuma da safe yana asibitin gwamnati, da yamma yana na kuɗi. Ka'idar aikin likita ta hana shi janye mara lafiya daga asibitin gwamnati zuwa nasa. Idan ya ce maka, "Same ni a wurina da yamma," kana da ikon ka ce, "Likita, a nan nake so a yi mini."

Me ya sa ba za a bar wa 'yan kasuwa ba?

Akwai aikin da babu riba cikinsa. Ku tuna shan inna. Ma'aikata sun yi shekaru suna bi gida gida, rugage da ƙauyuka, suna ɗiga wa yara magani kyauta. A 2020 aka bayyana cewa ƙwayar shan inna ta asali ta ƙare a Afirka. Babu asibitin kuɗin da zai ɗauki wannan aiki.

A Ingila, tun 1948 ake biyan asibiti daga haraji. Mutum yana ganin likita, yana kwanciya, ba ya biya. Duk da haka akan daɗe ana jiran tiyata, masu hali kuma sukan je na kuɗi. Mu a nan, cikin kowace naira goma da aka kashe a kan lafiya, fiye da bakwai daga aljihun masu jinya take fitowa. Don rage wannan nauyi aka kawo inshorar lafiya. Kamar adashi take: kowa yana zuba kaɗan tun yana da lafiya, wanda ya kwanta a biya masa. An yi sabuwar dokarta a 2022. Jihohi kamar Kano da Kaduna suna da hukumominsu na wannan taimakekeniya. Mu tambaya a asibitinmu yadda ake shiga.

Abin da za mu yi

Na ɗaya, mu fara da ƙaramin asibitin da ke kusa, tun ciwo bai yi nisa ba. In ya fi ƙarfinsu za su ba mu takarda zuwa gaba.

Na biyu, in za mu asibitin kuɗi, mu duba ko yana da takardar rajista daga gwamnatin jiha. Ba duk mai farar riga ne likita ba. Mai kemis aikinsa sayar da ƙananan magunguna, ba yin allura ko ƙarin ruwa ba.

Na uku, mu tambayi kuɗin aiki kafin a fara, mu karɓi rasit, mu ajiye kati.

Na huɗu, in hatsari ne, ko mace tana zubar da jini wajen haihuwa, a kai asibitin da ya fi kusa, kowane iri ne. Dokar lafiya ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa.

Kun ga amfanin karatun da muke yi. Wanda ya iya karatu zai karanta rasit da kansa, zai karanta takardar magani, zai gane abin da aka rubuta a ƙofar asibiti. Allah ya ba mu lafiya, amin.

Tambayoyi

1. Hawa nawa ne asibitin gwamnati?
2. Wa yake biyan likitan asibitin kuɗi?
3. Faɗi abubuwa biyu da ake samu kyauta a asibitin gwamnati.
4. Rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da ƙauyenku.