Ƙwayar da Kawu bai ɗauke ta magani ba

Kawuna ɗan kasuwar goro ne a zangon Kumasi, kuma mutum ne da ba ya son asibiti. Sai da ciwon ciki ya hana shi barci kafin ya yarda aka zura masa bututu mai kyamara ta baki. Aka ga tsiro a ƙasan tumbinsa, faɗinsa ya ɗan haura santimita 3. Gwaji ya nuna ciwon daji ne, amma yana matakin farko. Likitanmu ya ce ana iya ɓare shi ta cikin bututun ba tare da an tsaga ciki ba, ya kuma ba mu shawarar zuwa Indiya. Dangi suka yi karo-karo, ni na raka shi don in yi tafinta.

Wannan aiki a Japan aka ɓullo da shi a ƙarshen shekarun 1990. Likita kan yi allurar ruwa a ƙarƙashin tsiron ya taso, sannan ya feɗe shi da 'yar wuƙar lantarki. Haɗarinsa biyu ne: zubar jini, ko hujewar bangon tumbi. Jinin yana iya ɓarkewa kwanaki bayan an gama aikin, mutum yana gida.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ana iya lissafa wannan haɗari tun kafin a fara. Likitan ya nuna mana ma'aunin BEST-J, wanda masana na Japan suka wallafa a mujallar Gut a 2021. Tsiron da ya wuce santimita 3 maki ɗaya ne. Zamansa a ƙasan tumbi maki ɗaya. Asfirin maki 2, wankin ƙoda maki 3, warfarin maki 4. Mai maki ɗaya ko sifiri, haɗarin zubar jininsa bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Mai maki 5 ko fiye, ya kusa kashi 30.

Likita ya tambayi Kawu ko yana shan wani magani. Ya ce a'a. Aka rubuta masa maki 2, wato kusan kashi 6.

Da daddare a masauki na ga ya ɓallo wata ƙaramar ƙwaya ya haɗiye. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce, "Ai wannan ba magani ba ce, ɗana, ta tsinka jini ce kawai, shekara nawa ina sha." Asfirin ce, an rubuta masa tun lokacin da zuciyarsa ta taɓa ba shi matsala. Na ce gobe sai mun faɗa. Ya ɓata rai, ya ce kada in jawo a fasa aikin bayan kuɗin da jama'a suka tara.

Na faɗa. Makinsa ya koma 4, haɗarin ya tashi zuwa kusan kashi 11. Ba a fasa ba. Likitan ya tuntuɓi likitan zuciya, suka tsara yadda za a yi da ƙwayar, ya ƙona jijiyoyin da ke bakin raunin sosai, aka ƙara masa kwanaki a gado da maganin rage tsamin ciki. Aka gargaɗe mu: baƙin bayan gida, aman jini ko jiri, a dawo nan take. Alhamdu lillahi, ba mu ga ko ɗaya ba.

A zangonmu mutane da yawa haka suke. Asfirin, diklofenak na ciwon gwiwa da ake saya a kemis, jiƙo da sassaƙe, duk ba ma lissafa su a magani. Wanda za a yi wa irin wannan aiki, ya zuba komai a leda ya kai wa likita. Kada kuma ya daina shan maganin tsinka jini da kansa, domin hakan na iya jawo shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya.

Kawu ya koma rumfarsa. Bayan wata shida zai sake haɗiyar bututun, kuma wannan karon shi ya tuna mini da ranar.